Yadda ake zaɓen harsashin raifil ba tare da ka ƙone bututun bindigarka da wuri ba

Wannan bayani na ƴan'uwa ne da ke zaune a ƙasashen da doka ta yarda mutum ya mallaki raifil don farauta ko gasar harbi, irin su Amurka, Kanada, Afirka ta Kudu da wasu ƙasashen Turai, kuma suna da takardunsu cif. A gida Najeriya da Nijar magana ce ta lasisin hukuma mai wuyar samu, wanda bai da shi toh ya karanta don ilimi kawai. Ni a filin harbi na nan Amurka na koyi abin, kuma tambayar da sabon shiga ya fi yi ita ce wane harsashi ya fi gudu, alhali tambayar da za ta taɓa aljihunsa ita ce harbi nawa bututun zai ɗauka kafin ya daina saiti. Bututun raifil kamar tayar mota yake, ana sayensa ne da sanin zai cinye, abin da ke hannunka shi ne ka zaɓi yadda zai cinye, da sauri ko a hankali.

Abu ɗaya na ka'ida da ya kamata ka riƙe: ba gogar kan harsashi ce ke kashe bututu ba, wutar albarushi ce. Daidai gaban inda harsashi ke zama akwai wani ɗan wuri da ake kira maƙogwaro, inda zanen nan mai murɗawa na cikin bututu ke farawa. Duk harbi ɗaya, iska mai zafin da ya wuce na narkar da ƙarfe tana bi ta wurin da matsi mai tsanani, na ɗan lokacin da bai fi kashi ɗaya ko biyu cikin dubu na sakan ba. A hankali ƙarfen wurin sai ya tsattsage, farkon zanen ya rinƙa ja da baya. Inci biyu ko uku na farko su ke mutuwa, sauran bututun in ka leƙa zaka ganshi fes kamar ba a taɓa harbi da shi ba. Kuma in ka tara lokacin gaba ɗaya, bututun da ya yi harbi 3,000 bai yi aikin da ya wuce ƴan sakanni ba a rayuwarsa.

Kayan da zaka tanada

Littafin rubutu da biro, wannan shi ne na farko kuma ba shi da madadi. Kalkuleta, ta waya ma ta isa. Littafin bayanan harsasai na kamfani irin Hornady, Sierra, Lyman ko Nosler. Sikelin da ke auna giren, wato ma'aunin da ake auna albarushi da shi, giram ɗaya ya kai giren 15.4, in sikelin giram kake da shi sai ka ninka. Kwanson harsashin da aka riga aka harba, na kowane irin da kake tunanin saye, ana samu a filin harbi in ka roƙa. Sirinji ko ɗan abin ɗiga ruwa. Bayan ka sayi bindigar kuma zaka so ma'aunin tsayi na dijital irin na masu juyin ƙarfe, da sandar auna maƙogwaro ta Hornady tare da kwansonta na musamman, da na'urar auna gudun harsashi kamar MagnetoSpeed ko Garmin Xero, da kyamarar leƙa cikin bututu, ta Teslong mai araha ce kuma tana haɗuwa da waya. Ba dole ka sayi duka ba, na'urar gudu da kyamara kusan kullum akwai mai su a kulob, kuma maharba ba su cika rowar aro ba.

1. Rubuta abin da zaka yi da bindigar, da harbi nawa a shekara

Kar ka tsallake wannan don Allah, duk sauran lissafin a kansa yake. Mafarauci da ke fita lokacin barewa, ya gyara saiti da harbi goma ko ashirin, ya yi ɗan atisaye, ya harbi dabba ɗaya ko biyu, da wuya ya wuce harbi 100 a shekara. Irin wannan ko harsashi mafi cin bututu ya ɗauka, mai mutuwa a harbi 1,000, shekara 10 kenan, toh me zai dame shi? Ya zaɓi abin da ya dace da dabbar kawai, shikenan. Amma mai shiga gasar harbin nesa irin PRS ko F-Class, ko mai zuwa fili duk Asabar, yana iya yin harbi 2,000 zuwa 3,000 a shekara bai ma ankara ba, shi wannan zaɓen harsashi ne zai nuna ko bututu ɗaya zai kai shi ƙarshen kakar gasa ko sai ya canja a tsakiya.

Ka rubuta nisan da zaka rinƙa harbi da gaske, ba wanda kake buri ba. In filin da ke kusa da kai yadi 300 ne iyakarsa, sayen harsashin yadi 1,200 ƙona kuɗi ne da ƙona ƙarfe a banza.

2. Duba abin da doka da ƙa'idar gasa suka yarda

Wani lokaci an riga an zaɓar maka. A Ingila da Wales manyan barewa sai da harsashi mai faɗin inci .240 zuwa sama, shi ya sa .243 Winchester ya yi kasuwa a can duk da cin bututunsa. A Jamus manyan namun daji sai milimita 6.5 zuwa sama da ƙarfin bugu na jul 2,000 a mita 100. A gasar F-Class, ajin F-TR .223 da .308 kaɗai aka yarda, kaga mai shiga wannan ajin ya huta, duka biyun masu tausayin bututu ne. Jihohin Amurka kuma kowace da dokarta ta farauta, ka karanta ta jiharka kafin ka je shago.

3. Fitar da irin harsashi uku ko huɗu da za su iya aikin, sannan ka auna cikin kwansonsu

Nan ne ainihin aikin yake. Abin da ke nuna cin bututu shi ne yawan albarushin da ake tura wa ta ƙaramin rami. Kwanso babba, rami ƙarami, bututu ya mutu da wuri. Kwanso madaidaici, rami mai faɗi, bututu ya daɗe. Misali mafi sauƙi shi ne .308 Winchester da ya fito 1952 da .243 Winchester da ya biyo baya a 1955, kwansonsu ɗaya ne, matse wuyan .308 aka yi aka samu .243, albarushi kusan ɗaya amma ramin ya ragu sosai, sai ga shi .243 bai kai rabin rayuwar yayansa ba.

Ga yadda ake aunawa. Ɗauki kwanson da aka harba, wanda mataccen maƙyastinsa ke gindi har yanzu don kar ruwa ya zube, ka ɗora a sikeli ka rubuta nauyi. Cika shi da ruwa da sirinji har ya zo daidai baki, ka ɗan ƙwanƙwasa gefe kumfa ta fita, ka sake aunawa. Bambancin shi ne cikin kwanson da giren na ruwa. Kwanson da aka harba nake nufi fa, kar ka taɓa ƙoƙarin buɗe harsashi mai rai don wannan. In ba ka da sikeli ko kwanso, ka nemi lambobin a rubuce, kuma bambancin giren ɗaya ko biyu tsakanin kamfani da kamfani ba zai canja hukuncin ba.

Sai faɗin ramin: ninka faɗin kan harsashin da kansa, ka sake ninkawa da 0.7854. Na .308 zai ba ka 0.0745, na 6.5 wanda faɗinsa inci .264 ne 0.0547, na .243 kuma 0.0464, na .224 shi ne 0.0394. Yanzu raba giren ɗin ruwa da wannan lambar.

.308 mai ɗaukar ruwa wajen giren 56 zai faɗo kusan 750. .223 Remington mai wajen 30 yana nan kusa da shi, 760. 6mm BR wajen 820. Tsohon .30-06 mai giren 68 yana 910. 6.5 Creedmoor, wanda Hornady ta fitar a 2007, wajen 960. Daga nan sai a fara hawa: .22-250 kusan 1,130, .243 kusan 1,160, .300 Winchester Magnum da 6.5-284 duk sun haura 1,200, .264 Winchester Magnum kuwa wajen 1,500.

A tawa fahimtar duk abin da ke ƙasa da 900 ka kwanta da hankalinka, 900 zuwa 1,100 tsaka-tsaki ne, abin da ya wuce 1,100 ka saya da sanin cewa kana biyan kuɗin gudu ne da ƙarfen bututu.

4. Maida lambar zuwa yawan harbi

Ba wanda zai ba ka lamba tsayayya, wanda ya ce maka bututunka zai mutu a harbi kaza daidai kar ka yarda da shi. Amma ga kiyasin da maharban gasa suka daɗe suna gani: .308 da .223 suna kai 5,000 har su wuce, 6.5 Creedmoor tsakanin 2,000 da 3,000, .243 da 6mm Creedmoor wajen 1,500 zuwa 2,000, .300 Win Mag a nan kusa ko ƙasa kaɗan, 6.5-284 kuma da yawa suna cire shi tun wajen 1,000 zuwa 1,200. .22 LR ba a ma lissafa shi, dubban gomomi yake yi saboda albarushinsa ɗan mitsitsi ne kuma kansa dalma ce mai laushi.

Abin da ke rikita sabon shiga shi ne kalmar ya mutu ba ma'ana ɗaya take da ita wurin kowa ba. Mai gasar benci, inda ake ɗora bindiga a kan teburi a harba, da ke son harbi biyar su shiga rami ɗaya a yadi 100, da zarar taruwar ta buɗe kaɗan ya ce bututu ya gama. Wannan bututun da ya cire, in ka ba mafarauci da ke buƙatar ya samu ƙirjin barewa a yadi 200, zai yi shekaru yana cin nama da shi. Saboda haka ka rubuta naka ma'aunin tun yanzu, misali in taruwar harbi biyar ta wuce inci ɗaya a yadi 100 a kai a kai, na canja. In ba ka rubuta ba, duk ranar da hannunka bai zauna ba zaka ɗora wa bututu laifi.

5. Yi lissafin kuɗi a kan kowane harbi

Tambayi maƙerin bindiga na yankinka nawa ne sabon bututu da kuɗin ɗaurawa, da kuma wata nawa ake jira, don jiran yakan fi kuɗin ciwo. A ce ya ce maka dala 800. Raba da harbi 5,000, santi 16 kenan a duk jan kunama. Raba da 1,200, ya zama santi 67. Ɗora wannan a kan kuɗin harsashin kansa, ka ninka da yawan harbinka na shekara da ka rubuta a mataki na farko. Mai harbi 100 zai ga bambancin bai kai kuɗin man zuwa daji ba. Mai harbi 2,500 zai ga bututu biyu a shekara ɗaya, a gefe guda kuma bututu ɗaya a shekara biyu.

Akwai kuma asarar da ba a sa wa a lissafi: duk sabon bututu sai ka kashe harbi 100 zuwa 200 kafin gudunsa ya zauna ka gano harsashin da yake so. A bututun 5,000 wannan ba komai ba ne, a na 1,200 kuwa ka ci wani babban yanki nasa tun kafin ka shiga gasa ko ɗaya.

6. Ɗauki mafi ƙanƙantar da zai yi aikin

Gudu yana da amfani, ba zan ce ba shi da shi ba. Harsashi mai gudu da dogon kai siriri iska ba ta karkatar da shi sosai, a yadi 1,000 wannan maki ne. Amma ka duba nawa ake biya. .220 Swift da ya fito 1935 ya wuce ƙafa 4,000 a sakan, kuma sunan mai ƙone bututu ya bi shi har yau. .264 Win Mag ya sha irin wannan suna, da 7mm Remington Magnum ya zo a 1962 da kwanso kusan iri ɗaya amma rami mai ɗan faɗi sai mutane suka koma can. A ajin F-Open na gasar F-Class ma 6.5-284 ya yi zamaninsa, daga baya da yawa suka koma .284 Winchester mai faɗin 7mm, kuma tsawon ran bututu na cikin dalilan.

Ga sabon shiga da ke son koyon harbin nesa ni .308 ko 6.5 Creedmoor nake cewa, in fili bai wuce yadi 600 ba ma .223 mai saurin murɗa, inci 8 ko 7 a zagaye ɗaya, don ya iya ɗaukar kai mai nauyi. Dalili shi ne abin da kake nema a shekarun farko yawan harbi ne da karanta iska, kuma ba zaka samu wannan ba in kana jin tsoron kowace kunama da ka ja. Mai farautar barewa da ke son bugun kafaɗa mai sauƙi ya duba 7mm-08 ko tsohon 6.5x55 na Suwidin kafin ya tafi magnum, wato masu babban kwanso.

In kuma zuciyarka ta riga ta kafe a kan mai zafin, toh akwai mafita: ka samu bindiga ta biyu ta atisaye, .22 LR ko .223, ka rinƙa koyo da ita, mai zafin ka ajiye ta sai ranar gasa ko farauta. Ko ka sayi irin wadda ake kwance bututunta cikin sauƙi, kamar Savage mai noti a gindin bututu, ko waɗanda ake sayar musu da bututu gamamme, amma ko da su sai an gwada tazarar zaman harsashi da gejin da aka yi don haka, in ba ka iya ba maƙeri ya yi maka.

7. Kar ka dogara da irin ƙarfe ya cece ka

Bututu mai rufin kurom a ciki, irin na soja, da wanda aka taurare da naitiraid, suna daɗewa fiye da na gama-gari, gaskiya ne. Tsakanin sitenles da ƙarfen kurom-moli kuma bambancin da ake ta musu a kai ƙarami ne. Duk wannan gyaran gefe ne, ba zai maida .264 ya zama .308 ba. Ka zaɓi harsashi tukuna, ƙarfe ya biyo baya.

8. Ranar farko ka auna, ka rubuta

Cire harsashi, cire sakata, ka leƙa da idonka ka tabbata ba komai a ciki. Sa kan harsashi ɗaya a kwanson sandar Hornady, tura shi a hankali har ka ji ya taɓa farkon zanen, ɗaure, ka fito da shi ka auna daga gindin kwanso zuwa kafaɗar kan, ba zuwa tsini ba, tsini ba ya zuwa daidai ko a kwali ɗaya. Yi sau uku zuwa biyar ka ɗauki tsakiya. Wannan kan da ka auna da shi, sa shi a ƴar leda ka rubuta sunan bindigar a jiki ka ajiye, da shi zaka rinƙa aunawa har bututun ya mutu. Kuskuren da aka fi yi kenan, a canja kai a awo na biyu sai lambobi su rikice a zaci maƙogwaro ya cinye.

Rubuta gudun harbi 10 bayan bututun ya zauna, ɗauki hoton maƙogwaro da kyamara, ajiye takardar taget ɗin farko. Duk harbi 200 ko 300 ka maimaita. Kuma duk fita ka rubuta harbi nawa ka yi, in mantuwa ta yi maka yawa ka rinƙa ajiye murfin kwalayen harsashi, ka ƙirga su daga baya.

9. Zafi, shi ne abin da ke hannunka

Mutum biyu za su sayi bindiga iri ɗaya, ɗaya ya samu ninkin rayuwar ɗaya, bambancin zafi ne kawai. Masu harbin ƴan berayen daji a filayen Wyoming da Dakota ta Kudu sun san wannan, suna iya lalata maƙogwaron .22-250 a ƴan kwanaki saboda harbi ba tsayawa. Ƙa'idata mai sauƙi ce, in ba zan iya riƙe bututun da hannu na ƴan sakanni ba, na tsaya. Buɗe sakata, jingina bindigar a inuwa bakinta sama iska ta bi ta ciki, ko ka sa ɗan fankan nan mai batir da ake cusawa. A rana irin ta Teksas ko Arizona jiran yana da tsawo, wannan lokacin ne na zama da .22 LR. A gasa ba ka da zaɓi, PRS za su ce harbi goma cikin minti biyu ko ƙasa, shi ya sa a ranar atisaye ya kamata ka tausaya masa.

Masu cika harsashi da kansu, kar ku zauna a iyakar yawan albarushin da littafi ya bayar don neman ƙarin ƙafa 50 a sakan, ɗan sassauci yana ƙara wa bututu kwana, kuma albarushi mai haɗin naitirogilisarin yakan fi zafin wuta. Lambar littafi kuwa ba a wuce ta ko da wasa.

10. Kafin ka ce ya mutu, wanke shi

Alamomin gaskiya su ne gudu ya fara sauka, harbi ɗaya cikin biyar ya rinƙa ficewa ba dalili musamman a nesa, jan ƙarfen jikin kan harsashi ya rinƙa taruwa a cikin bututu da wuri fiye da da, tsummar gogewa ta rinƙa kamawa a inci na farko. Amma datti ma yana kawo kusan duk waɗannan. Baƙin zoben gawayi da ke taruwa a gaban wuyan kwanso ya sa an cire bututu masu rai da yawa. Wanke shi sosai da maganin gawayi da na jan ƙarfe, da sanda guda ɗaya mai santsi da abin da ke daidaita ta daga baya, kar ka goge ta baki don gefen bakin in ya ci rauni saiti ya tafi. Duba sukurorin madubin saiti da na jikin bindiga, ka ba wani gwani ya harba, sannan ka yanke hukunci. Kuma kar hoton kyamara ya tsorata ka, na ga maƙogwaro duk ya tsattsage amma yana zuba harbi a wuri ɗaya, taget ce ke da magana ta ƙarshe.

In ya tabbata ya gama, hanya biyu ce. Bututu mai kauri da tsawo maƙeri zai iya yanke inci ɗaya ko biyu daga gindi ya sake fafe mazaunin harsashi, ka samu ƙarin rayuwa amma ba kamar sabo ba, kuma sai an yi da wuri kafin tsagewar ta yi nisa, a siririn bututun farauta ma yawanci ba ƙarfen da za a yanka. Ko kuma sabon bututu, wanda in kana gasa gara ka yi odarsa tun wanda kake kai yana rabin rayuwarsa. A nan kana da damar canja harsashi ba tare da sabuwar bindiga ba: .243, .260 Remington, 6.5 Creedmoor, 7mm-08 da .308 duk faɗin gindinsu ɗaya ne, inci .473, sakata ɗaya ke ɗaukarsu, sai dai ka sa maƙerin ya gwada ko gidan harsashinka yana tura sabon yadda ya kamata kafin ka karɓa.